Injiniyan da Aka Tura Farautar Kwastoma

Takarda biyu ce a aljihunsa ranar da ya fara zuwa wurina, cikin watan Oktoban 2022. Ɗaya takardar gargaɗi ce daga bankin da yake wa aiki, ta biyu kenan cikin wata shida. Ɗayar kuwa takardar ajiye aiki ce da ya rubuta, ya sa hannu, amma ya bar gurbin kwanan wata. Kawunsa, wanda muka yi sakandare tare, shi ya turo shi, da saƙon cewa in taimaka in yi wa yaron faɗa tunda na saba da yaran zamani. Ba zan ambaci sunansa ba, ba kuma zan ambaci bankin ba. A kan wannan sharaɗi ya amince in rubuta.

Shekararsa 28 a lokacin, shi ne babba cikin 'ya'ya tara. Mahaifinsa mai rumfar yadi ne da kasuwa ta ɗan juya wa baya. Yaron ya karanta injiniyan lantarki, ya fita da sakamako mai kyau, ya yi bautar ƙasa, sannan ya shafe shekara biyu yana yawo da takardu a jaka. Da kawun ya samo masa gurbi a banki, har walima aka yi a gidan. Ba wanda ya tambayi wane sashe aka kai shi. Banki ai banki ne: kwat da taye, sanyin ofis, albashin da ba ya latti.

Sashen maketin aka kai shi. Ga wanda bai sani ba, wannan shi ne sashen da ke fita neman masu ajiya. Ana yanka wa kowa taget, wato adadin kuɗi da yawan sababbin asusun da zai kawo a wata, kuma a taron safiya ana karanta abin da kowa ya kawo a gaban kowa. Tun bayan haɗe bankunan da Babban Bankin Nijeriya ya yi a 2004 da 2005 zamanin gwamnan bankin na lokacin, Charles Soludo, lokacin da aka ɗaga jarin banki zuwa naira biliyan 25 har bankuna 89 suka koma 25, gasar farautar masu ajiya ta zama ruwan dare. Akwai waɗanda aikin ya karɓa sosai. Na san wata da in ta shiga rumfar attajiri ba ta fitowa sai da alƙawari, kuma daɗi take ji.

"Malam, wallahi ba aiki ne ba na so ba," in ji shi. "Sai in je ƙofar shagon Alhaji in faka, in zauna a mota rabin awa na kasa fita. In na shiga muka gaisa ya ce in dawo jibi, to ni shi kenan, ba na iya komawa. Ji nake kamar bara nake yi."

Kowa a kusa da shi ya riga ya yanke hukunci. Manaja ya ce ba shi da zuciyar nema. Mahaifinsa ya ce butulci ne, an ba shi tuwo yana neman a tauna masa. Mahaifiyarsa ta ce bakin mutane ne, ta shiga karɓo masa addu'a. A asibiti an ce jininsa ya ɗan hau, ya rage tunani. Ciwon kan kuwa yana da ranar zuwa: yammacin Lahadi.

Kafin in ɗauko wani ma'aunin sha'awar sana'a, na fara da tambayoyin da suka wajaba a kan barci da ci da yanayin zuciya, domin wanda ciwon damuwa ya kama ba zaɓen sana'a yake fara buƙata ba, likita yake buƙata. A nan ne Asabar ta fito. Duk Asabar yana bin wani abokinsa ɗaura sola a gidajen mutane. Yakan wuni a kan kwano, ya haɗa fanel, ya sauko ya jera batura, ya gwada inbata, ya manta bai ci abinci ba. Da yake ba ni labarin wata inbata da ta gagari masu gyara uku, shi kuma ya gano cewa wata siririyar waya ce ta saki a ciki, har gyara zama ya yi, murya ta buɗe, hannu na zana layi a iska. Ragon mutum ba ya wuni a kan kwano a zafin bazara don kuɗin da bai kai na man motarsa ba. Ruwa ba ya tsami banza.

A nan ra'ayin John Holland ya yi mini amfani. Holland Ba'amurke ne masanin halayyar ɗan Adam, an haife shi a Omaha ta jihar Nebraska a 1919, ya rasu a 2008. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana cikin sojojin da ke zama da sababbin ɗauka suna yi masu tambayoyi don a san inda za a tura kowa, kuma a nan ya fara lura cewa duk yawan mutanen, labaransu na komawa ga 'yan gidaje kaɗan. A 1959 ya fara wallafa ra'ayinsa, ya ci gaba da gyara shi har bayan da ya koma Jami'ar Johns Hopkins. Gidaje shida ya raba mutane, kowanne da harafinsa daga sunan Turanci. Akwai mai aikin hannu, R, wanda ya fi sakewa da injin da ƙasa da dabba. Akwai mai bin diddigi, I, da ke son a ba shi matsala a ƙyale shi da ita. Mai ƙirƙira, A, ba ya son a shata masa layi. Mai jama'a, S, koyarwa da jinya da lallashi ne abincinsa. Mai jan ragama, E, shi ne gwanin shawo kan mutane, saye da sayarwa, shugabanci. Sai mai tsari, C, na lissafi da fayil da bin ƙa'ida.

Wannan rabon kaɗai ba wani abin mamaki ba ne; ko kakanninmu sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da Holland ya ƙara shi ne cewa wuraren aiki ma gida shida ne, kuma abin da ke ba wuri halinsa shi ne irin mutanen da suka cika shi da abin da suke yabawa da abin da suke rainawa. Sannan ya jera gidajen a kan siffa mai kusurwa shida irin ta saƙar zuma, a jere R, I, A, S, E, C. Maƙwabta suna kama da juna, masu fuskantar juna kuwa kishiyoyi ne: mai aikin hannu da mai jama'a, mai ƙirƙira da mai tsari, mai bin diddigi da mai jan ragama. Ku riƙe wannan na ƙarshen.

Na ba shi ma'aunin da Holland ya fitar a farkon shekarun 1970, Self-Directed Search, wanda mutum ke cikewa da kansa. Yana tambayar ayyukan da kake so, abubuwan da ka iya, sana'o'in da ke burge ka, da yadda kake auna kanka, a ƙarshe ya ba ka haruffa uku mafi rinjaye. Na zaci na san abin da zai fito. Sai ga shi ya fito da S a gaba, I na biye, R na uku.

Wannan ya tsayar da ni. Mutumin da ke zaman rabin awa a mota don gudun gaisuwa, ya zama mai jama'a? Ga shi S da R kishiyoyi ne a siffar, haɗuwarsu a sama ba ta cika faruwa ba, ko da yake takan faru. Tazarar da ke tsakanin ukun ma ba ta kai maki takwas ba, wadda masu amfani da ma'aunin ke ɗauka a matsayin bambancin da za a iya dogara da shi. Da na bi takardar ido rufe, da na ce masa ya nemi koyarwa, da kuma na ƙara jefa shi wani ramin.

Sai muka bi tambayoyin S ɗaya bayan ɗaya. Kana son taimaka wa mai matsala? E. Kana son ziyartar marar lafiya? E. Kana son koyar da yara? E. Na ce masa, yaushe rabonka da ka koyar da wani yaro wani abu don ra'ayin kanka? Ya yi shiru, ya yi murmushi.

"To Malam, ya za a yi Musulmi ya rubuta cewa ba ya son duba marar lafiya?"

Wannan jimla ta fi duk makin da ke takardar daraja a wurina. An gina ma'aunin a ƙasar da mutum zai ce ba ya son hulɗa da jama'a ba tare da an ga baƙinsa ba. A wurinmu zumunci da taimako ba sha'awa ba ce da za ka zaɓa, tarbiyya ce da addini, kuma wanda ya ce ba ya so ya zagi gidansu. Saboda haka S takan kumbura a takardun yaranmu, kamar yadda R takan motse a takardun 'yan mata, ba don ba sa so ba, sai don ba a taɓa barin su riƙe sukundireba ba. Ba ni kaɗai na ga haka ba. James Rounds da Terence Tracey sun tattara bincike daga ƙasashe da dama a 1996, suka ga siffar Holland ba ta zama daram a wajen Amurka kamar yadda take zama a cikinta. Tun a shekarun 1970 Christopher Bakare na Jami'ar Ibadan ya tsara ma'aunin sha'awar sana'a don ɗaliban Nijeriya, amma ko wanne aka ɗauko, sai an zauna da yaro an ji abin da yake nufi da "e" ɗinsa.

Na sauya tambayar. Na daina cewa me kake so, na koma cewa me ka yi a makon jiya ba tare da an sa ka ba, kuma me kake yi har lokaci ya wuce ba ka sani ba. Na kuma tambaye shi sana'o'in da ya yi mafarkin yi tun yana yaro, abin da Holland kansa ya ba muhimmanci ƙwarai. Ya lissafo: mai gyaran rediyo, matuƙin jirgi, injiniyan tashar lantarki ta Kainji da aka kai su ziyara suna sakandare. Babu malami a ciki, babu ɗan kasuwa. Da muka sake lissafi, I ce a gaba da tazara mai faɗi, sai R, sai C. E ce a can ƙasa. Aikin maketin kuwa E ne tsantsa. Wato an ɗauki mai bin diddigi an ajiye shi daidai kusurwar da ke fuskantar tasa.

Daga nan ne na yi nawa kuskuren. Daɗin ganin lissafi ya fita ya ɗebe ni, na ce masa ai magana ta ƙare, ya sa kwanan wata a takardarsa ya koma sola gaba ɗaya. Ya ce to, ya yi godiya, ya tafi. Mako uku bai dawo ba. Da ya dawo, mahaifinsa ne a gaba, shi yana biye.

Dattijon bai ɗaga murya ba. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Malam, an ce kai ka ce ya bar aiki. Ina da tambaya. Ƙannensa huɗu da ke makaranta, takardar taka ta faɗi wanda zai biya masu? An sa ranar aurensa bayan Sallah, ta faɗi inda za a samo lefe? Shekara biyar ina biyan kuɗin jami'a don in ga ɗana ya ɗauki tsani yana hawa kwanon mutane? Kada ku sa ya saki reshe ya kama ganye."

Na ce, "Alhaji, gaskiyarka. Na yi gaggawa."

Kuma da gaske nake. Ma'aunin ya auna yaron shi kaɗai, kamar daga sama ya faɗo, alhali albashinsa na mutum goma sha ɗaya ne. Maganar tsani ma ba girman kai ba ce kawai. Wata mai bincike, Linda Gottfredson, ta nuna tun 1981 cewa mutane kan tace sana'o'i da ma'aunin jinsi da na martaba tun suna ƙanana, kafin ma a zo maganar sha'awa, kuma idan tura ta kai bango sha'awar ce ake fara sadaukarwa. Alhaji bai karanta ta ba, amma abin da ya faɗa kenan. Akwai kuma abin da ya kamata in tuna wa kaina: alaƙar da ke tsakanin dacewar mutum da aikinsa da kuma jin daɗin aikin gaskiya ce, amma ba ta da ƙarfin da masu tallar gwaje-gwajen hali a intanet ke ba ta. Da wasu masana biyu, Assouline da Meir, suka haɗa sakamakon bincike masu yawa a 1987, matsakaicin alaƙar ya tsaya a wajen 0.21, a ma'aunin da 1 ke nufin cikakkiyar alaƙa. Sauran na ga albashi, da halin shugaba, da tsaron aiki, da abin da ke jiran mutum a gida. A kan 0.21 na so in sa gida guda ya yi caca.

Na roƙi Alhaji wata uku. Ya ce ya ba ni, da sharaɗin takardar ajiye aikin ta zauna a wurinsa. Ya ninke ta ya sa a aljihun babbar riga.

Abin da muka yi a wata ukun shi ne komawa ga rabin ra'ayin Holland da na tsallake. Shi bai ce a dace da sunan ma'aikata ba, cewa ya yi a dace da muhalli, kuma banki ɗaya muhalli ne da yawa a ƙarƙashin rufi ɗaya. Na ba yaron aiki: ya sayi ƙaramin littafi, duk sashen da ya shiga ya rubuta abin da ake yaba wa mutum a kai da abin da ake yi masa tsawa a kai, da yadda mutanen wurin suke idan ba aiki. Ya yi shi kamar rahoton ɗakin gwaji, har da jadawali. Masu kanta C ne da ɗan S: lissafi ya daidaita, fuska a sake. Masu binciken cikin gida C ne da I. Sai wasu mutum biyu a wani ɗaki na baya kusa da janareta, masu kula da ATM da na'urorin POS da layin intanet na rassan yankin. A ƙarƙashinsu ya rubuta: "Ba wanda ke tambayarsu wa suka sani. Ana tambayarsu me ya lalace." Ya ja layi biyu a ƙasa.

Muka tsara abubuwa uku, ba ɗaya da ya buƙaci barin aiki. Ya riƙa leƙa ɗakin nan bayan an tashi yana taya su. Ya yi rajistar kwas na haɗa layukan kwamfuta da yake yi da dare. A maketin kuma ya daina bin attajiran da sai an yi masu fadanci, ya koma kan masu shaguna da ke son na'urar POS, inda maganar ta fi karkata ga yadda abu ke aiki. Taget bai cika ba, amma ya matsa daga ƙasan allo.

Sauran ba dabarata ba ce, kuma ba zan ci bashin yabo ba. A ranar 15 ga Disamban 2022 sababbin takardun naira suka fito, aka sa 31 ga Janairun 2023 wa'adin daina karɓar tsofaffi, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a. Kowa ya tuna layukan ATM na lokacin, da tura kuɗin da ke maƙalewa, da masu POS da suka zama sarakuna. Mutum biyun nan na ɗakin baya suka rasa inda za su sa kansu. Yaron ya shiga cikinsu ba tare da an tura shi ba. Ya gano cewa abin da ke kashe ATM ɗin reshensu da rana ba layin intanet ba ne, baturan inbata ne da suka gaji, ya nuna wa manaja a rubuce. Manajan da ya ce ba shi da zuciyar nema shi ya sa hannu a takardar neman sauyin sashe. Sai da ta yi wata huɗu a hedikwata kafin a amince.

Da ba a yi wannan rikicin kuɗi ba, mai yiwuwa da har yanzu takardar na kan teburin wani. Abin da shawara ta yi shi ne ta sa ya san ƙofar da zai tsaya kusa da ita.

Na sake ganinsa bayan shekara guda da sauyin. Ba zan ce komai ya zama zuma ba. Ya rasa alawus ɗin fita da na mai, abin da ke shigowa ya ragu, kuma ƙarin girma a wannan sashe tafiyar hawainiya yake yi, domin a banki mai kawo kuɗi shi ne ɗan gaban goshi. Ana kiransa da tsakar dare idan na'ura ta tsaya, amarya ba ta jin daɗin haka. Rabin aikin ma cike fom ne da rahoto, C ɗin ta fi yadda yake so. Amma ciwon kan Lahadi ya tafi, jinin ya sauka, ba a sake ba shi takardar gargaɗi ba. Na sake ba shi ma'aunin don in gani: I, R, C, kuma a wannan karon S ta sauka da kanta, ya amsa ba tare da jin ana kallonsa ba.

Asabar tana nan. Shi da abokin sun yi wa sana'ar solar rajista, suna da yara biyu masu koyo. Na tsokane shi na ce ashe dai yana koyarwa. Ya ce a'a Malam, nuna masu nake yi sau ɗaya, wanda ya gane ya gane.

Alhaji kuwa har yau bai yarda cewa ɗansa na hawa kwano ba. In an tambaye shi cewa yake yi injiniyan banki ne. Watannin baya ya sa an ɗaura masa sola a rumfa, fanel biyu da batir ɗaya, don fanka da fitila. Yaron ya ce da ya zo hawa, dattijon ya kori yaran shagon ya riƙe masa tsanin da kansa, yana ta faɗan ya bi a hankali kwanon ya tsufa. Na tambayi takardar ajiye aikin. Ya ce tana wurin Baba, bai dawo da ita ba, shi ma bai tambaya ba.